Huji Biyu a Gindin Rijiya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci ƙarfe ya hore wa ɗan Adam shi, sannan ya hukunta cewa hannun da ya lanƙwasa ƙarfen shi ma ƙasa zai koma. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa.

Ranar Talata da hantsi muka kai surukina, mahaifin mai ɗakina, makwancinsa. Maƙeri ne ɗan maƙeri, a ƙauyenmu da ke kan hanyar rairayi tsakanin Dogon Dutsi da Sukukutane. Kwana uku muna zaman makoki, kowa ya zo da abin da ya sani game da shi. Ni ina gefen tabarma ina saurare, na miƙe ƙafata ta hagu wadda ba ta lanƙwasuwa.

Wani dattijon Bafulatani ya taso tun daga wajen Dogon Kiriya. Da ya shafa addu'a sai ya ce, "Shekara da shekaru shina yi mini ƙarhen bakin guga. Bai taɓa yi mini dariya ba, kuma bai taɓa ba ni abin da yak karye ba." Ya tashi ya bi shanunsa.

Wata tsohuwa 'yar bori ta aiko daga cikin gida, wai yau doguwa, aljanar rijiyarmu, za ta huta, don mutum ɗaya tak ya taɓa ƙwace nama daga bakinta. Liman ya nemi tsari, ya ce a bar wannan zance. Mutane suka saci kallona, domin naman da take nufi ni ne.

Surukata kuwa ba wanda ya ga hawayenta. Abu ɗaya ta faɗa: kada kowa ya share tokar maƙera.

A rana ta uku ƙanen mai ɗakina, autan gidan, wanda har ya yi gemu ya yi 'ya'ya ana kiransa Auta, ya ja ni bayan rumbu. Abokin wasana ne, amma ran nan ba wasa a fuskarsa. Ya ce, "Malam, da liman yac ce a yahe mishi, kowa ya amsa. Ina kusa da kai. Ban ji bakinka ba. Har yanzu?"

 Amsarsa ce na ɗauko alƙalami da tawada nake rubutawa, don a kan wannan mutum bakina ya sha cin amanata, hannuna kuwa bai taɓa ba. Na taɓa faɗar mummunar magana a kansa, ta kai kunnensa, na yi shekaru ina neman ƙofar da zan bi in roƙi gafararsa. Labarin ke nan. Amma bari in fara nuna muku shi.

Kowa ya san kunyar suruki. To, tamu ta wuce ta kowa. Shekara goma sha ɗaya ina zaune da 'yarsa, abin da ke shiga tsakaninmu bai wuce gaisuwa daga nesa ba, ni a durƙushe da takalma a hannu, shi yana kallon gawayi. In yana da saƙo gare ni, ba zai dube ni ba. Ƙarfen da ke kan uwar maƙera zai gaya wa.

"Kai ƙarhe," zai ce, yana juya shi da awartaki, "wai an ce gonar wasu ta yi haki, har kura ta haihu ciki."

Gonata ke nan. Sai in sulale in je in ɗauki hauya. Haka yake yi wa kowa in magana ta yi masa nauyi. Ƙarfen maƙerarsa ya ji sirrin da ko matarsa ba ta ji ba.

Da aka sami mulkin kai, siminti ya fara shigo mana buhu-buhu. Aka yi makaranta, aka yi ɗakin shan magani, aka kama gina rijiyoyin kankare. Mu da muka tashi cikin ginin laka, inda ake kafa turke da dutsen niƙa, muka tarar da bangon da ba ya jin ƙusa. Ma'aikata suna zuwa da ƙarafan huda daga birni, kwana kaɗan su dakushe ko su karye, sai a zauna jiran mota. Surukina ya karɓi guntun ɗaya ya yini yana juya shi a hannu. Sannan ya nemo tsohon ƙarfen mota ya ƙera nasa mahudan.

Uku ne, a jakar fata, kuma ba ya yarda a yi aikin wani da wani. Na fari mai faɗin baki, na marmara da jan dutse. Na biyu bakinsa a gicciye kamar sawun kaza, na bulon siminti. Wannan ba ya son bugu mai nauyi, domin bulo ciki gare shi, in ka matsa masa sai ya fashe ta baya. Na uku gajere ne mai tsini, na kankare mai tsakuwa, kuma shi ya fi wuyar ban-ruwa. Zai fidda shi daga wuta, ya tsoma bakin kaɗan, ya goga a dutse, ya zuba ido yana kallon launi yana gangarowa zuwa tsini. In ya kai launin busasshen kara sai ya nutsar da shi duka. In ya yi sakaci har ya kai launin wuyan tantabara, ya yi laushi ke nan, a sake daga fari.

Kafin ya huda bango sai ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne. "Tambayi bango tukuna," haka yake ce wa masu gaggawa. In an kama aiki kuwa waƙarsa ɗaya ce: "Buga, juya. Buga, juya. Hidda gari." Wanda ya buga sau biyu bai juya ba, mahudi ya maƙale masa, sai ya ƙyale shi ya yi ta kokawa har gumi ya jiƙa masa wando, sannan ya zo ya cire da ɗan bugu ɗaya a gefe. Garin da ya fito yakan murza shi a yatsa. In ja ne, dutse. In toka-toka ne, siminti. In ya ga ƙyalli, to ya iso rodi, ƙarfen nan da ake sakawa cikin kankare, sai ya bar wurin ya matsa yatsa biyu.

A lokacin ni da Auta muka shiga ayarin masu gina rijiya, domin noma kaɗai ba ya kai mu wata damina. Shugaban aikin, wanda muke kira Shef, wani mutumin yamma mai saurin faɗa da saurin huce, ya ga hannuna ba ya rawa saboda sabo da alƙalami, sai ya ba ni aikin sama: kafa allo a bangon makaranta, kafa taga. Ya damƙa mini wani abu da suke kira shinyol. Abin huda ne da ake dannawa da ƙirji ana murɗa hannunsa, babu duka. Da shi akwai mahudai biyu murɗaɗɗu, kaurin yatsa. A bakin kowanne akwai ɗan haƙori baƙi-baƙi, bai kai ƙwayar wake ba, an liƙa shi da tagulla. Shef ya ce duk darajar abin tana ga haƙorin nan, sauran jikin ƙarfen banza ne. Ya ce in tsare su kamar idona, don ba na uku.

Ɗaya ya fara dakushewa. Na dawo gida ina ƙorafi, na ajiye shi a bakin taga. Mai ɗakina ta ji. Da na tafi gona ta naɗe shi a gefen zane ta kai wa ubanta. Alheri ta nufa, shi ma haka. Ya yi masa abin da yake yi wa kowane dakusasshen ƙarfe tun yana yaro: ya cusa shi a wuta ya ce a zuga. Tagulla ta narke, haƙori ya faɗa cikin toka. Aka dawo mini da sanda mai wangamemmen baki, wadda ko ƙwarya ba za ta huda ba.

Shef bai kore ni ba. Ya karɓe shinyol da mahudin da ya rage ya kulle a akwatin aiki. Ya ce tunda ban iya tsaron abin sama ba, in sauka ƙasa. Aka mai da ni mai haƙa a gindin rijiya.

Ranar kasuwa, a gindin tsamiya, mutane suka sa ni gaba da dariya. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Tsohon ga hauya ya iya. Shi tsaya ga hauya, zamani ya wuce shi." Kafin in isa gida maganar ta riga ni.

Bai aiko ba, bai yi faɗa ba. Ya ɗaure jakar mahudansa ya rataye a rufin maƙera. Ma'aikata suka zo da ƙarafansu, ya ce su kai birni, shi hauya ya iya. In na durƙusa na gaishe shi yana amsawa, amma ya daina gaya wa ƙarfe kome. Shekara biyu ana haka. Mai ɗakina ta rame a tsakaninmu, ba ta da bakin yi wa uba magana, ba ta da na yi wa miji. Sau nawa na yi alwala na nufi maƙera da kalmomina a shirye, in na hango bayansa sai su watse. Mutumin da ko ruwan sha ba zai iya roƙon surukinsa ba, ta ina zai fara cewa na zage ka, ka yafe? Na so in aika liman, sai na ga aiken ma sake faɗar maganar ne a gaban mutum na uku.

A bazarar shekara ta biyu aiki ya zo ƙauyenmu. Muka gina jikin rijiya har gaba goma sha takwas, muka iso rairayi mai jiƙa. Daga nan sai zobe. Zoben kankare ne da ake zubawa a sama, tsayinsa ya kai cibiya, kaurinsa faɗin tafin hannu. Ana saukar da shi da igiya, mai haƙa ya tsaya a ciki yana yashe ƙasa daga ƙarƙashin bakinsa, shi kuma yana nutsewa da nauyinsa a hankali. Kunnuwan ƙarfen da aka sauke shi da su mun riga mun sare su, yadda aka saba, don zobe na biyu ya zauna daidai a kansa. Shef ya tafi Dogon Dutsi neman siminti.

Da hantsi na zura ƙafar hagu ƙarƙashin bakin zoben ina jawo yashi da ita. An hana mu haka, amma kowa yana yi. Rairayi ya zame, zobe ya sauko ya karkata, ya kama ni ƙasa da gwiwa. Na ji ƙashi ya ce ƙas. Na faɗa zaune cikin ruwa, bayana ya jingina da kankare. Da na ɗaga kai, duk sararin Allah ya koma ɗan farin faifai.

Ƙaƙƙarfan cikinmu ya sauko. Ya tona ƙarƙashin ƙafar, zobe ya bi tonon. Ya nemi inda zai zura igiya ta ƙasa, babu. Ya ce sai dai a huda zoben ta sama, a zura rodi, a ɗaura igiya a ɗaga. Aka sauko masa da mahudin birni da babbar guduma. Bugu uku ya yi. Kowane bugu zobe yana ƙara zama a kan ƙashina, yashi yana malalowa. A na uku na yi ihun da ban san ina da irinsa ba. Ya yar da guduma ya ce a ja shi sama, shi ba zai kashe ni da hannunsa ba.

Aka bar ni da guga, tana sauka tana hawa. Amma mun riga mun taɓa idon ruwa, abin da ke shigowa ya fi abin da ke fita. Ruwa ya rufe cinyata. Na yi kalmar shahada, na kama karanta abin da na haddace, kuma wallahi cikin karatun abin da ke yi mini yawo a rai shi ne zan tafi da maganar gindin tsamiya a wuyana.

Daga baya na ji mai ɗakina ce ta ruga maƙera ko mayafi babu. Ni dai na ga faifan nan ya yi duhu, igiya tana saukowa, ƙafafu biyu masu faso sun nufo ni. Na san fason nan. Shekara goma sha uku shi nake kallo in ina gaisuwa. Tsohon da bai taɓa shiga rijiya ba, wanda yakan ce shi ɗan wuta ne, ga shi da jakar fata a wuya, da shinyol ɗaure a baya. Auta ne ya fasa akwatin shef.

Ya dira, gwiwarsa tana taɓa kafaɗata. Na rasa inda zan sa idona.

Na ce, "Ina kwana."

Ya ce, "Lahiya."

Ya juya mini baya, ya durƙusa cikin ruwa yana fuskantar ɓangaren da ya danne ni. Ya ƙwanƙwasa zoben da yatsa ya saurara. Ya kwance shinyol yana dubawa, kamar wanda aka miƙa wa jaririn wani.

"Kai abin ga," ya ce, "ni ban san ka ba. In akwai wanda yas san ka, shi yi magana."

Duk ayarinmu ni kaɗai na san shi. Amma yaya zan koya wa surukina aiki? Na ɗaga kai na ƙwala kira: "Auta! Gaya wa Baba shi danna da ƙirji, shi murɗa dama, a hankali!"

Muryar Auta ta sauko tana bugun bango. "Mi? La'ilaha illallahu! Kuna shaƙar numhwashin juna, ni za ku aika? Baba! Wai ka danna da ƙirji ka murɗa dama, in ji malamin da ke bayanka!"

An ce mutanen bakin rijiya sun yi dariya da hawaye a fuska.

Surukina ya ce wa shinyol, "Na ji."

Haƙori ya kama ci. Ba duka, ba girgiza, sai wani gurnani ƙasa-ƙasa, gari yana zubowa a kan ruwa. Ba sai an ce masa ya fidda gari ba. Kowane ɗan lokaci zai zare, ya sa bututu ya hura. A zara ta uku ya kai mahudin kusa da kumatu, ya ji zafi, sai hannunsa ya nufi ruwa da shi, yadda ya saba tun ƙuruciya.

"Baba, a'a!"

Maganar ta fita kafin in kama ta. Tunda na riga na yi ɓarna sai na ƙarasa: "In ya sha ruwa da zahi, haƙorin tsagewa zai yi. A bar shi shi huce da kanshi."

Ya tsaya, hannu a saman ruwa. Ya dubi mahudin ya ce, "Ba ka cin wuta, ba ka shan ruwa. To kai wane irin ƙarhe ne? Waliyyi?"

Ya ci gaba. Can sai gurnanin ya sake, ya koma ƙara mai kaifi, ana murɗi babu gari. "Tsakuwa," ya ce.  Na san abin nan ba ya wuce tsakuwa mai tauri, in mun gamu da ita a bango barin hujin muke yi. Shi kuwa sai ya kwance jakar da ta yi shekara biyu a rataye, ya fiddo gajeren nan mai tsini da 'yar guduma.

"Ƙarhe, gaya wa mai ƙahwa shi ciji wani abu. Bugu guda."

Na ciji wuyan rigata. Ba bugun damtse ya yi ba, na wuyan hannu ne, kamar mai kashe sauro. Tsakuwa ta ce tas a ciki. Zobe bai motsa ba. Ya juya tsinin, ya hura, ya mayar da mahudin murɗi, haƙori ya sake kama ci. Sau huɗu aka yi haka, wannan ya ci siminti, wancan ya fasa tsakuwa, kowa da aikinsa. Kiran azahar ya sauko mana kamar daga wata duniya lokacin da huji na fari ya ɓulle. Ruwa ya kai haƙarƙarina.

Na biyu ya yi rabi, sai ya murza gari a yatsa ya kai ido. Ƙyalli. Ya iso rodi.  Duk wannan wahala ta tafi banza.

Auta ya yi kira daga sama: "Baba! Ga Bahillace da shanu biyu! A ɗaura ga huji guda su hizgo!"

"Huji guda karkatad da zobe zai yi, shi datse ƙahwar," in ji shi. "Sa kuwa bai san a hankali ba. Ku riƙe guga."

Ya matsa yatsa biyu ya sake daga fari. Yanzu numfashinsa yana fita da ƙugi, in ya danna sai gwiwoyinsa su zame cikin yashi. Na ɗaga tafuna biyu na sa a bayan surukina na tokare shi. Ƙasusuwa ne kawai a ƙarƙashin riga. Bai waiwayo ba. Ruwa ya hau ƙirjina, ya kai wuya.

A nan ne, yana murɗi, ya yi magana a hankali.

"Kai ƙarhe, ina da laihi gare ka. Ɗan'uwanka anka kawo mini, ban tambaye shi ko shi wane ne ba, nis sa shi wuta. Ni da nike cewa a tambayi bango. Shi yaj jawo wani bawan Allah cikin ramin ga. In ka ga mai shi, ka ce shi yahe mini."

Ga ƙofar da na yi shekara biyu ina nema, an buɗe mini ita, kuma babba ne ya buɗe wa ƙarami. Na san abin da zan ce, harafi da harafi. Na buɗe baki, ruwa yana taɓa haɓata. Sai na ji kaina na ce:

"Baba, a hidda gari."

Ya dakata gwargwadon numfashi ɗaya. Sannan ya zare mahudin, ya hura, ya mayar.

A murɗin ƙarshe gefen haƙorin ya ɓalle, amma ya riga ya ɓulle. Aka zura rodi biyu, aka ɗaura igiya, maza suka ja da hannu yana ba su umarni. Yatsa huɗu kawai zobe ya ɗaga. Ya nutsa kansa cikin ruwa ya jawo ƙafata da hannu biyu. Ni ya sa aka fara fitarwa. Ana kiran la'asar na ga rana.

Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashi ya kama, gwiwa ta ƙi. Shef ya dawo ya ga akwatinsa a fashe, ya buɗe baki zai yi faɗa, aka kai shi ya leƙa rijiya. Ya zo inda nake kwance ya jefo mini mahudin a tabarma, ya ce ya mutu mutuwar kirki, in riƙe. Na bar aikin rijiya na koma karantarwa da rubuta wa mutane wasiƙa.

Surukina bai sake rataye jakarsa ba. Ma'aikata suka dawo masa, ƙarfe ya ci gaba da jin labarin gonata. Jama'a suka gina mini ɗakin karatu da ragowar bulo. Wata rana na dawo daga Tibiri na tarar da ƙugiyar ƙarfe kafe a bango, ƙasa-ƙasa, daidai inda hannun mai zaune zai kai ya rataye gafaka. Hujin sumul, bulon bai tsage ba, an share garin. Na tambaya, kowa ya ce bai gani ba.

Duk gari sun ɗauka magana ta ƙare. Ni kaɗai na san ba ta ƙare ba. Shi ya roƙa, ban amsa ba, ni kuma ban roƙa ba. An fidda ni daga rijiya, amma shekara bakwai ina jin ruwan nan a haɓata. Kowace sallar idi in ce yau, in je, in gaishe shi, in dawo. Ina karantar da mutane cewa haƙƙin wani ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, in koma gida in kasa kallon ƙugiyar bangona.

Bana bayan kaka ya kwanta. Ya ƙi ɗaki, ya ce a shimfiɗa masa a maƙera. Wata safiya mai ɗakina ta ajiye mini kunu, ta tsaya. Ta ce, "Malam, Baba ya bar cin abinci. In kana da abin cewa, ba ni da wani uban da zan ajiye maka."

Na ɗauko mahudin daga ƙasan akwati, na dogara sanda na tafi. Na tarar da shi ya juya fuska ga uwar maƙera. Durƙuso ya gagare ni tuntuni, sai na zauna a bakin ƙofa. Na gaishe shi, ya amsa. Na riƙe ƙarfen da hannu biyu, na sa masa ido, don shi kaɗai zan iya kallo.

Na ce, "Kai ƙarhe, ka san ni, ka san shi. Gaya wa mai maƙera na yi wata magana gindin tsamiya, maganar banza. Wanda nic ce hauya kaɗai ya iya, shi yah hidda ni kabari. Abin da yar roƙa, na yahe tun cikin ruwa, bakina ne yaƙ ƙi. Ni ma shi yahe mini, don Allah."

 Sai ya miƙo hannu ta baya. Na sa masa mahudin. Ya shafa ɓallallen haƙorin da babban yatsa.

"Kai ƙarhe," ya ce, "hujin ga ya daɗe. Shekara tara ana murɗi." Ya yi dariya, tari ya kama shi. "Gaya mishi ya ɓulle."

Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya juyo da kyar, ya dube ni cikin ido. Sai ran nan na san idonsa na dama yana da ɗan tabon tartsatsi.

Ya ce, "Na yahe, ɗana."

Kwana huɗu bayan haka ya cika.

To, Auta, ga amsarka. Da liman ya ce a yafe masa, na laluba bakina na tarar babu abin da ya rage. Na riga na ba mai shi a hannu, shi ma ya ba ni nawa. Abin da ya riƙe mini harshe a bakin kabari wani abu ne dabam: na leƙa na ga ƙuncin wurin, na tuna gaba goma sha takwas.

Ya Allah, wannan bawa naka ya shiga wuri mai ƙunci da duhu saboda ni, ba wanda ya tilasta shi, a lokacin da nake da laifi gare shi. Yau shi ne a wurin da igiya ba ta kaiwa. Ka yalwata masa, ka haskaka masa, ka yafe masa yadda ya yafe mini. Wanda ya karanta wannan, ko ya sha ruwan rijiyarmu, ya ce amin.